Amsa ga mai tambaya kan ɗinkin da ake yabawa amma ba a saye

Ƙanwata, kin ce kin buɗe shagon ɗinki a Yamai, ana yaba salonki a WhatsApp, amma in mata sun zo sai su nuna hoton ɗinkin wata su ce shi suke so. Shawarata ita ce kada ki zuba salonki a ko'ina jikin riga. Zaɓi wuri guda da za a riƙa gane hannunki, sauran ki bar wa jikin mai kaya da aljihunta.

Wane wuri? Yawancin matanmu da hijabi ko babban mayafi suke fita, don haka aikin da kika kashe kwana biyu a kansa a wuya da ƙirji, ba mai ganinsa sai a cikin gida. Mayar da shi bakin hannu ko gindin siket.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu Yamai na wuce digiri 40, rigar da aka yi wa shafin leda kuwa sau ɗaya za a sa ta. Yi shafi da auduga, ki jiƙa shi ya bushe kafin yanka, in ba haka ba zai tsuke a wankin farko ya ja rigar. Hannu ya naɗu har gwiwar hannu saboda alwala. Mai shayarwa a sa mata zif a gaba. Siket matsattse ki ba shi tsaga ko kalmasa a baya, domin hawa babur ko tasi. Ki bar rarar santimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, jiki na sauyawa, kuma kayan salla ana so su kai baɗi.

Duwatsu a kan shadda abin ban takaici ne: wajen masu bugu suke farfashewa, na manne kuma zafin guga ke ɗaye su. Surfani ya fi aminci.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Siket mai buɗewa sosai, ko zanen fure babba da sai an daidaita shi, yana cinye yadi har ɗankwali ya rasa, kuma a nan rigima ke tashi. Faɗa mata tun kafin almakashi ya taɓa.

Kayan da kike ɗinkawa ki rataye, cikin goma bakwai su zama irin wanda ake nema, uku naki zalla. Wanda aka fi tambayar kuɗinsa cikin ukun, ki sauƙaƙa shi ya koma cikin bakwai ɗin. Ɗinkin nuni irin na bikin FIMA, wato bikin nunin kayan sawa na Afirka, wanda mai tsara tufafi Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit ta Nijar, yana da muhallinsa, amma ki yi shi bayan sallar layya, lokacin da keke ya samu sarari, ba cikin azumi ba.