Amsa-kuwwa daga buhun tarkace

Yaro, ka tambaye ni ko buhun matattun rediyon da ka kwaso wajen 'yan gwangwan a Gumel zai isa ka haɗa amsa-kuwwa ta rumfar cajinka, ba tare da ka sayi komai sabo ba. Zai isa, amma ban da abu biyu: dalma mai kyau, da babbar kwandensa, wato abin nan mai kama da ƙaramin gwangwani da ke tara wuta. Su kam sai ka sa hannu a aljihu, ko ka ba mai zuwa Kano sallahu ya taho maka da su daga Sabon Gari.

Fara da tsohuwar rediyon mota. Buɗe ta ka nemi aisi (IC), wato ɗan baƙin abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai ƙafa biyar da aka ɗaure a jikin ƙarfe, an rubuta mata TDA2003. Ita nake so ka samu, don an yi ta ne saboda batirin mota: tana aiki daga bolt 8 zuwa 18, ke nan batirin babur ko na sola ya wadace ta, ba ruwanka da jiran wutar NEPA. A bolt 14.4 tana ba da kamar wat 6 a lasifika mai om 4. Kar ka raina wat 6 don ka ga kwalin da aka rubuta wa wat 2000 a kasuwa. Wannan rubutun na mai saye ne, ba na mai gyara ba. In ba ka same ta ba, duba cikin ƙananan lasifikokin kwamfuta, za ka iya cin karo da TDA2822M ko LM386 masu ƙafa takwas, sai dai muryarsu ta ɗaki ce, ba za ta ƙetare hayaniyar tasha ba.

Kafin ka kai hannu cikin fanel ɗin talabijin ko na caja, ka sani kwandensar nan mai rubutun bolt 400 tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an cire filogi. Jona mata kwan lantarki irin mai zare a ƙafafunta biyu, ta sauke kayanta tukuna.

To ga dalilin da ya sa na ce ka sayi kwandensa. Rasista, wato mai rage gudun wuta, ba ta cika tsufa ba, aisi kuwa yawanci ko tana da rai ko ta mutu. Kwandensa mai ruwa a ciki ita ce munafuka. Rediyon da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin kwano, tana shan zafin bazarar nan tamu da ke haura digiri 40, ruwan cikin kwandensarta ya daɗe da fara ƙafewa. Wadda kanta ya kumbura, ko ka ga wani ɓawo ruwan ƙasa ya bushe a gindinta, wannan ta tona kanta, jefar da ita. Mai wahalar ita ce wadda ta fito sumul, rubutunta 1000 (maikrofarad, ma'aunin kwandensa), alhali abin da take riƙewa bai kai rabi ba. Ka sa ta a hanyar lasifika, sai gangar waƙa ta ɓace, murya ta koma siririya, ka kwana kana zargin aisi. Sa mita ka auna kowace ɗaya kafin dalma ta taɓa ta. In mitarka ba ta auna kwandensa, manyan dai ka sa sababbi, masu bolt 25.

Riƙe aisin rubutu na kallonka, ƙafafu a ƙasa, ka ƙirga daga hagu. Ta ɗaya ce ƙofar sauti: daga ƙafar tsakiya ta bolum, wato abin murɗa ƙarar murya, ta bi ta ƙaramar kwandensa mai 2.2 ko 10. Ta uku ƙasa ce, wato baƙar wayar batir. Ta biyar ita ke shan jar waya, kuma ka liƙa mata 'yar kwandensa mai lamba 104 zuwa ƙasa, dab da ƙafar, ba can nesa ba. Ta huɗu ce mafita: kwandensa mai 1000, gefen alamar ƙari wajen aisi, ɗaya gefen zuwa lasifika. Daga ƙafa ta huɗun kuma ka ja rasista mai om 220, ka ɗora mata mai om 2.2 zuwa ƙasa, sannan a mahaɗarsu ka sa kwandensa mai 470, gefen ƙari yana komawa ƙafa ta biyu. Waɗannan rasistoci biyu su ke yanke yawan ninkin sautin, kusan sau 100. A gefen lasifika ka ƙara rasista mai om 1 da wata 104 a jere zuwa ƙasa. Yara suna tsallake su don suna ganin ba sa komai, sai aisi ta riƙa zafi ko ba a kunna waƙa ba.

Ka lura da zanen rasistocin nan biyu, mai 220 da mai 2.2, a hasken rana, ba na tocila ba. Dukansu ja da ja suka fara. Zane na uku ne ya raba su: ruwan ƙasa 220 ne, ruwan zinare 2.2, in kuwa ja ne na uku to 2,200 ka riƙe, mayar da ita gwangwani.

Kar ka ba aisin wuta tsirara. Ɗaure bayanta da kusa mai zare a farantin alminiyam, wanda ka kwance ta daga jikinsa ma ya fi, ka shafa farin man nan mai kwashe zafi siriri a tsakani. Ranar gwaji ka sa kwan babur a kan jar waya, tsakanin batir da aikinka. In ya ɗan yi wal ya dushe, lafiya. In ya kama tar ya tsaya, akwai inda dalma ta haɗe ƙafa biyu, ko ka juya wani abu baibai. Kwan ya sha wutar maimakon aisi. Daga nan auna ƙafa ta huɗu, ya kamata ka ga kusan rabin wutar batir, wajen bolt 6. Taɓa ƙafa ta ɗaya da bakin sukurdireba, yatsanka a kan ƙarfen: in lasifika ta yi gurnani, tana da rai. Bayan nan sai ka cire kwan ka maye gurbinsa da fis. Kuma ka wanke hannu kafin ka zauna cin tuwo, dalma guba ce.

Lasifikar ma gwada ta da batirin tocila guda. Ka ji ƙas, takardar ta motsa ba tare da gogayya ba, ɗauki. Wayar da za ta kawo sauti daga salula ta zama gajera, irin mai raga a jiki, ragar a ƙasa, in ba haka ba za ka yi ta jin zuuu a bayan kowace waƙa. Sannan kar ka yanke wa aikin hukunci lasifika na kwance a kan tebur: iskar da take turawa ta gaba da wadda take ja ta baya suna cinye juna, shi ya sa take kuka kamar sauro. Je wurin kafinta ya ba ka guntayen katako masu kauri, ka yi mata akwati, ka toshe duk wata kafa da gam, ka cusa tsumma ko auduga a ciki. Farantin aisin kuwa ka bar shi a waje ta baya inda iska za ta same shi.