Hukuncin sa wa jariri sunan lokacin sanyi ko na Kirsimeti

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina zaune da iyalina a Mancesta ta ƙasar Ingila. Allah ya sauki maiɗakina lafiya cikin watan Disamba, an samu 'ya mace. Tana son mu sa wa yarinyar suna irin na nan wanda zai riƙa tuna mana lokacin, kamar Winter ko Holly, ko Natalie ko Noelle, ta ce za su fi sauƙin faɗa a makaranta. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya raya, ya sa mai albarka ce, ya ba maijego lafiya. Sunayen nan huɗu ba hukuncinsu ɗaya ba, don haka sai mun rarrabe su.

Asali a wajen suna halasci ne, matuƙar ma'anarsa ba ta munana ba kuma bai ci karo da aƙida ba. Jingina suna ga lokacin haihuwa tsohon abu ne a cikin Musulmi. Rabi'u ɗan Sulaimanu, almajirin Imam Shafi'i, sunansa na nufin lokacin da ƙasa ke tsirowa bayan sanyi. Ibnu Rajab, malamin Hambaliyya da ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, kakansa ake ce wa Rajab don an haife shi a wannan wata. Mu ma muna da Azumi da Labaran ga 'ya'yan watan Ramalan, Sallau da Tasalla ga 'ya'yan ranar salla, Marka ga wadda ta zo cikin tsakiyar damina. Sanyi kuwa halittar Allah ne, ya ambace shi a Suratu Ƙuraishi wajen fataucinsu na hunturu da bazara, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan roƙi Allah a addu'ar buɗe salla ya wanke shi daga kurakurai da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙara. Saboda haka Winter, tunda sanyi kawai yake nufi, ba haramun ba ne, ko da yake ban zaɓa maka shi ba.

Natalie da Noelle kuwa ba sanyi suke nufi ba. Dukansu daga kalmar Latin ta haihuwa suka fito, kuma haihuwar da ake nufi ita ce ta Annabi Isa, alaihissalam, a matsayin da Kirista suka ba shi na Ubangiji. Noel a Faransanci sunan bikin Kirsimeti ne kansa, kamar yadda mutanen Nijar suka sani. Mu Annabi Isa namu ne, imanin mutum ba ya cika sai da shi, amma farkon abin da ya furta yana jariri shi ne: "Lalle ni bawan Allah ne," a aya ta 30 ta Suratu Maryam. Bai kamata uba Musulmi ya ɗora wa 'yarsa sunan idin da aka gina a kan saɓanin wannan kalma ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya kamantu da wasu mutane yana cikinsu, kuma malamai sun hana sunan da ya keɓanta da alamar wani addini. Waɗannan biyu ba su halasta ba. Holly sunan itace ne mai jajayen 'ya'ya, asalinsa babu laifi, sai dai a inda kake an san shi da adon ƙofofi na wannan biki, wanda ya ji sunan ga 'yar Disamba can hankalinsa zai tafi. Ina ganin makaruhi ne a gare ku, barinsa ya fi.

Kada ka ce ai suna ne kawai. Annabi ya mayar da Asiya, mai ma'anar saɓo (ba irin sunan matar Fir'auna ba), ta koma Jamila, ya mayar da Barra ta koma Zainab. Kakan Sa'idu ɗan Musayyibi sunansa Hazn, wato tsauri, Annabi ya ce masa kai Sahl ne, ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai rabu da gidansu ba. Wannan yana cikin Bukhari. Yarinyar nan za ta girma cikin mutanen da ba Musulmi ba, sunanta ne zai riga ta isa aji da asibiti da wurin aiki. Wannan ba raina maƙwabtanku Kirista ba ne. Ka kyautata musu, ka gaishe su, ka kai musu naman suna, duk ya halasta.

Damuwar maiɗakinka kuma tana da hujja, kada ka yi watsi da ita. Haƙƙin raɗa suna na uba ne idan an yi saɓani, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya faɗa a Tuhfatul Maududi, amma ita ta ɗauki cikin wata tara, ka lallashe ta, ka ba ta zaɓi. Maryam suna ne da ba ya yi wa Bature wuya, kuma sura guda aka saukar da shi. Muslim ya ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa mutanen da suka gabata sukan sa sunayen annabawansu da salihansu. Ga Saratu, ga Hauwa, ga Nura idan hasken dogon daren sanyi take so.

Ranar bakwai ku yanka rago ɗaya bisa mazhabar Malikiyya, ba a ƙidaya ranar haihuwa idan bayan alfijir aka haihu. Dokar Ingila ta ba ku kwana 42 ku yi rajistar haihuwa a cikinsu, to ku tsai da magana kafin nan, sunan yanka ya zama shi ne na takarda. Allah ne mafi sani.