Me ya sa muke rarraba manhajar launi gida-gida

Yaro, kana tambayata me ya sa ba za mu rubuta manhaja ɗaya ta kwashi launin allo ta miƙa wa injin bugawa kai tsaye ba. Ka tuno mini da wani Alhaji da har gobe in na ga kalanda sai raina ya ɓaci.

Kalandar kamfaninsa ya kawo, tambarinsa kore shar. Na auna takardar da muka yi magana a kanta, na haɗa mata furofayil, wato fayil mai bayanin yadda launi ke fita a kanta, na buga samfuri ya sa hannu. Ashe a bayan idona ya aika wa masu injin wata takarda mai arha, marar sheƙi, irin mai shan tawada kamar yashi. Kore ya fito dushi-dushi. Sai ga shi a ƙofar shago yana ɗaga wa jama'a kalanda, wai manhajata ta ɓata masa suna. A gabansa na auna takardar tasa, na sauya furofayil ɗaya tak, ban taɓa komai ba, kore ya dawo kusa da na samfuri. Ya gani da idonsa, ya juya ya shiga mota. Cikon kuɗina da na faranti har yau suna wuyansa, kuma ban yafe ba.

Da manhajar a dunƙule take, ina zan nuna gurbin da laifin yake?

Lambar RGB, wato adadin ja da kore da shuɗi da allo ke haɗawa, ba launi ba ce sai ka faɗi na'urar da ta fito. Shi ya sa CIE, hukumar duniya kan haske da launi, ta kafa ma'auni bisa ganin idon mutum a 1931, ta fitar da wani ma'aunin mai suna Lab a 1976, aka kafa ICC, ƙungiyar da ta tsara furofayil na launi, a 1993. Kowace na'ura ta fassara launinta zuwa wannan ma'auni na CIE da ke tsakiya, daga nan wata ta ɗauka. Allo biyar da inji biyar, furofayil goma ke nan; in kai tsaye ne, hanya 25 za ka rubuta. Haka ma cikin manhajar: mai karanta fayil daban, mai juya launi daban, mai fitarwa daban. Lissafin juyin kuwa kar ka ɓata dare a kansa, manhajar Little CMS mai yin wannan aikin na nan kyauta.

Daidaita allo ba sai na koya maka ba. Ku yaran yanzu abin da waya ta nuna muku shi ne gaskiya, kun ɗauka duniya duka sRGB ce, wato tsarin launin da aka saba da shi a allo, kuna duba samfuri a ƙarƙashin ƙwan shago maimakon hasken D50, wanda aka tsayar don duba aikin bugawa. Tashi ka auno takardar da aka kawo jiya.