Nutso daga bakin teku ba sai da jirgi ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya nutso daga bakin teku ba sai jirgin otal ya kai ka ba. Eh sosai, amma ya danganta da tsibirin. Ni dai Bonaire zan ce maka, can Karibiyan, ka yi hayar a-kori-kura ka loda tankunan iska, duk inda ka ga dutse mai fentin rawaya a gefen titi to wajen shiga ne. Sai dai dole ka biya kuɗin STINAPA masu kula da ruwan, ka saurari bayaninsu kafin ka fara, kuma an hana safar hannu don kar a riƙa taɓa murjani, don Allah ka kiyaye wannan. Gabashin tsibirin igiyar ruwa akwai ƙarfi, kar ka shiga ba jagora.