Madobiyar da kake tambaya a kanta

Ka ce in gaya maka ko ka sayi madobiyar nan ta Taraba, tunda ta yi araha, ka yi bayan jita da gefenta. Araha ba ta ado, yaro.

Itace ne mai tauri da amo, ban musa ba. Amma tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa wa ido, bayan an yi ta lodin gungumenta zuwa ƙasar Sin, kuma a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Maɗaci ma ya shiga jerin a 2023. Saboda haka kafin ka taya, nemi takarda: a ina aka sare, wa ya ba da izini. Dillalin da ya hau rantsuwa maimakon ya zaro takarda, bar masa kayansa.

Irinsa ne ya taɓa sayar wa shagon nan fallaye ashirin, wai shekara biyu suna shanye. Waje ƙayau, ciki ɗanye. Aka yanka, aka lanƙwasa, aka manne. Hunturu na kawo kai, bayan jita shida suka tsage tun daga ƙasa har gindin wuya, wani tsagin sai ka zura farce. Mutumin har yau bai mayar da ko kwabo ba, kuma yana nan yana gaishe ni a kasuwa! Da an soka ma'aunin danshi a tsakiyar sabon yanka, da asirinsa ya tonu. Kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ake nema. Falle mai kaurin inci ɗaya shekara guda yake so a inuwa, da 'yan sanduna tsakaninsa da ɗan'uwansa, bakinsa biyu a shafe da kakin zuma don kada ya dare. Ku yaran yanzu wata uku ma gani kuke an zalunce ku.

Allon yatsu kuwa, wato katakon wuyan jita inda ake danna tsirkiya, nemi eboni na Kamaru, dangin kanya. Kada ka nace sai baƙi wuluk. Da kamfanin Taylor mai ƙera jita da abokin cinikinsa suka sayi injin katako na Crelicam a Yawunde a 2011, sun tarar ana kayar da bishiya wajen goma kafin a dace da baƙa ɗaya, sauran a bar su su ruɓe a daji. Mai ratsi-ratsin nan taurinsa ɗaya da baƙin.

In kana son wanda ya bushe da gaske, bi masu rushe tsoffin gidaje ka sayi ƙofa ko teburin maɗaci, ka zare ƙusoshi kaf kafin zarto ya taɓa shi. Yadda ake bin jijiyar katako wajen yanka kuwa, in har yanzu sai an gaya maka, ɗauki tsintsiya ka koma sharar shago.