Filin Tambaya da Amsa: Ina so in tare a gidan tsofaffi in yi musu hidima

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni budurwa ce 'yar shekara 21, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, na gama sakandare ina jiran samun gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ƙungiyar matan unguwarmu ta kama hayar wani gida ta ajiye tsofaffi mata shida waɗanda ba su da mai kula da su, kuma ana neman wadda za ta riƙa kwana da su saboda Allah, babu albashi, sai ɗaki da abinci. Hankalina ya kwanta da aikin, amma goggona ta ce abin kunya ne a ji Musulmi sun buɗe gidan tsofaffi kamar Turawa, kuma bai dace budurwa ta riƙa kwana a waje ba. In je ne ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Ra'ayina shi ne ki je, amma kada ki ɗauki jakarki sai an daidaita wasu abubuwa da zan faɗa miki.

Maganar goggonki tana da tushe, domin a zangon da muka taso tsohuwa ba ta rasa jikar da za ta ɗebo mata ruwa. Sai dai gidajen gado an rarraba su an zuba 'yan haya, 'ya'ya sun watsu zuwa Accra da Saudiyya da Turai, kuma akwai matan da aure ya kawo su tun zamanin fataucin goro, suka binne miji da 'ya'ya, dangi kuma suna can nesa. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu shekara 60 zuwa sama a Ghana sun kusa miliyan biyu. Gwamnati ta fitar da manufar kula da tsofaffi a 2010, shirin LEAP yana ba wasu marasa galihu ɗan kuɗi tun 2008, inshorar lafiya ta NHIS kuma ta ɗauke wa masu shekara 70 biyan kuɗin shekara. Duk da haka babu ɗaya daga cikinsu da zai tashi ƙarfe biyun dare ya canza wa tsohuwa zane. Ni a ganina matan unguwarku sun rufa wa jama'a asiri ne.

To, ki sani nauyin wannan aiki da dare yake. Wadda ba ta iya tashi sai an riƙa juya ta kamar kowane awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige za su buɗe su zama gyambo mai wuyar warkewa. Abinci kuwa, ko da koko ne, sai a zaune za ki ba ta, kaɗan-kaɗan, ki bar ta a zaune na ɗan lokaci bayan ta gama don kada ta ƙware abin ya gangara huhu. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar mu, saboda haka ke ce za ki riƙa miƙa ruwa, musamman da hunturu. Ki ajiye tocila kusa da kanki saboda ɗauke wuta, ki tabbatar hanyar banɗaki a bushe take, domin faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙashin ƙugu ta kwantar da tsohuwa har ƙarshen rayuwarta. Wajen wanka ki yi sallama, ki nemi izini, ki rufe inda ba ki wankewa, kuma ki taimaka mata da alwala ko taimama, ki juya ta alƙibla ta yi sallarta a zaune ko a kwance.

Abin da ya fi gwada haƙurin mai jinya shi ne ruɗewar tsufa. Wata za ta rantse kin sace mata kuɗin da ita ce ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma, wata za ta kira ki da sunan 'yarta da ta rasu, wata kuma da zarar magariba ta gabato za ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida. Kada ki yi musu da ita, kada kuma ki riƙe abin a rai. Ki ce, "To Mma, bari mu sha shayi tukuna," ki zauna kusa da ita har hankalinta ya kwanta. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma rashin fahimtarsa ya sa ana jifar tsofaffi da maita a ƙasar nan, kamar yadda aka doke wata tsohuwa mai shekara 90 har lahira a garin Kafaba da ke arewacin Ghana a 2020, abin da har yau yake ƙona mini rai. Idan kuwa wadda take cikin hankalinta jiya ta wayi gari a ruɗe, a kai ta asibiti a ranar, domin yana iya zama ciwon fitsari ne ko sukari ya sauka. Lambar gaggawa 112 ce, asibitin Komfo Anokye kuma ba shi da nisa da ku.

Yanzu ga sharuɗɗan. Mutum ɗaya ba zai iya kwana da tsofaffi shida kullum ba, ko da ma'aikaciyar jinya ce, don haka ki nemi a samo ta biyu ku riƙa karɓa-karɓa, a ba ki aƙalla yini ɗaya cikakke a mako. Wadda ba ta samun barci ita ce take fara tsawa, daga nan ladan da ta zo nema ya soma zubewa. Ki tambayi shugabar ƙungiyar ko ofishin jin daɗin jama'a ya san da gidan, wane ma'aikacin lafiya ne yake leƙo su, kuma wa za ki kira idan wata ta cika cikin dare. Magani kada ki ba da sai wanda likita ya rubuta, ki riƙa rubuta lokacin a littafi. Kuɗin tsofaffi da sadakar da baƙi suke kawowa kada su kwana a hannunki, a sa wata babba ta riƙe. Katunansu na NHIS kuma ki duba ranar ƙarewarsu, ana sabunta su ta waya da *929#.

Batun kwana a waje kuwa, goggonki ta yi gaskiya da ta damu, kuma bai kamata ki tafi ba tare da yardar mahaifinki ba. Ki roƙe ta ta raka ki da kanta, ta ga ɗakin da za ki kwana, ta ga ƙofar da ake kullewa, ta gaisa da tsofaffin, wataƙila ma ta tarar da wadda ta sani tun suna sayar da abinci a kasuwar Asawase. Ki ce mata wata ɗaya kike so ki gwada, ranar hutunki kuma a gidanta za ki riƙa yini.