Fitilar bakin ƙofa a gidan kayan tarihi

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka ɗaura farin ƙwan nan a saman ƙofa, alhali a gidajen mutane nan muke sa shi. To saurara, ɗana. Wannan gidan adana kayan tarihi ne, kuma abin da ke ciki, tsofaffin riguna ne da fatu da takardun Ajami, irin waɗanda ka gani a Gidan Makama. In ƙwari suka ci su, ba kasuwar da za a sayo wasu.

Ƙwaro ba ya ganin haske yadda muke gani. Abin da ya fi jan sa shi ne shuɗin haske da wanda ake ce wa UV, wanda idonmu ba ya kamawa. Tsohon ƙwan makuri yana fitar da shi da yawa, shi ya sa kake ganin ƙwari sun yi masa dandazo. Ɗauko kwalin ka duba. In ka ga 6500K, shuɗin ya yi yawa. Nemo LED mai 2700K ko ƙasa da haka, mai ruwan ɗorawa. Ba zai hana su zuwa gaba ɗaya ba, amma za su ragu sosai.

Kuma ba waɗanda ke zagaya fitilar ne suka fi damuna ba. Su za su mutu su taru a bakin taga da cikin murfin fitila. Gawarsu ita ce abincin tsutsar wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cin fata da ulu da gashin tsuntsu, in ta gama da su sai ta wuce ciki. Tsaka da gizo-gizo su ma su biyo abinci, su bar kashi a bango. Ga shinge a farkon damina, fitila ce ke tara su, su zubar da fukafukai su shige ƙasa a gindin gini, daga nan gara ta kafa gida.

Saboda haka kafa turke nesa da ginin, ka juyo da hasken ya bugi bango daga can, ƙwarin su taru a wurin turken. Sa masa rumfa kada hasken ya watsu sama. A bakin ƙofa kuwa, sa mai kunna kanta in mutum ya matso. Tarkon ƙwari mai shuɗin haske kada ka rataye shi inda za a hango shi daga waje. Kafin mu tashi, tuna mini in gaya wa ma'aikatan gidan su riƙa share murfin fitilun nan, musamman da damina.